Gadar Kara a Rumfar Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, mai gyaran keke a bakin kasuwar Azare, ya rasu ranar Talata da hantsi, muka kai shi kafin la'asar. Masu ƙirga sun ce ya haura tamanin. Ni dai na san tunda na yi wayo da furfurarsa na gan shi.

Da yake bai bar ɗa namiji ba, ni na zauna a bakin tabarma ina karɓar gaisuwa. Acaɓa nake yi, shekara goma ke nan. Wanda ya daɗe yana goya mutane a babur ya san bambancin abin da baki ya faɗa da abin da ciki ke nufi. Saboda haka ina amsa amin, kunnena kuma a buɗe.

Guragu ne suka fara zuwa, a kekunansu, suka jeru a bakin kwata suka ƙi hawa tabarma. Su kukansu na gaske ne. Limamin unguwa ya ce bai taɓa riga Kawu shiga masallaci ba, wannan ma gaskiya ne. Amma akwai wasu da in sun ce "Allah ya gafarta masa," sai su ƙara da, "Mutum ai tara yake, bai cika goma ba." Wani tsohon masinjan makaranta na gan shi ya karkata wajen na kusa da shi yana cewa, "Ashe Mai Gadar Ƙarfe ne ya rasu?" Ya rufe baki da hannun riga. Ya ɗauka ban gani ba.

Rana ta biyu malamin kimiyya ya zo, wanda ya koyar da babbar 'yata a sakandare. Ya yi ƙiba, ya ajiye gemu. Ya yi addu'a, ya dubi ƙasa ya ce, "Dattijon kirki ne. Abu ɗaya ne kawai ya shiga tsakaninmu, kuma ni na yafe." Na ce amin. Bakina ya yi ɗaci har yamma.

Na ƙarshe da ya hana ni sukuni shi ne Oga, ɗan kudu mai sayar da kayan keke, wanda shagonsa ke manne da rumfar Kawu. Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya zauna, ya jira kowa ya shafa, sannan ya kama hannuna ya ƙi saki.

Ya ce, "Shekara talatin muna maƙwabtaka da Baba. Taya ya saya a wurina. Sarƙa ya saya, birki ya saya. Amma tsinken ƙafar keke, sabo, ko ɗaya bai taɓa saya ba." Ya dube ni cikin ido. "Ai ka sani."

Na sani. Shi ya sa nake wannan rubutu, ni da na tsaya a aji huɗu na firamare. Ba don in yabi Kawu ba, masu yabo sun yi. Akwai wani suna da ya tafi da shi kabari wanda ba nasa ba ne.

Wanda bai san shi ba, ga kamarsa. Dogo ne, siriri, da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗayar kuma zare ne ya zagaye kunne. Ba ya yar da komai. Tsinkayen ƙarfen nan na ƙafar keke, in ya ciro lanƙwasasshe, sai ya ɗora a kan guntun ƙarfen layin dogo ya yi ta bugu a hankali har ya miƙe, ya jefa a tsohon gwangwani. Yana da gwangwanaye uku cike da su, duk sun yi baƙi. In ya ɗaure ƙafar keke ba da ido yake gane ta daidaita ba. Juya ta yake, ya kara ƙusa a jikin tsinkayen, ya sunkuyar da kai yana sauraro kamar mai jin labaran rana a rediyo. Sai ya ce, "Wannan ya yi sako-sako," ya ɗaure shi kaɗai. Yakan ce kowane abu yana magana kafin ya lalace, mutane ne ba sa jira su ji.

Ranar Alhamis ba ya karɓar aikin kowa sai na guragu, kuma ba ya karɓar ko sisi. In an yi masa godiya da yawa sai ya ɓata rai ya ce, "Kai matsa, kana tare mini haske."

A wurinsa na tashi tun ina ɗan shekara goma, bayan rasuwar mahaifina. Shi ya koya mini riƙon sifana, shi ya yi mini aure. Faɗanmu na farko babba shi ne lokacin da baburan nan masu araha suka cika gari, na ce zan bar rumfa in kama acaɓa.

Na ce, "Kawu, keke ya mutu."

Ya ce, "To wa ya yi masa salla? Ba a gaya mini ba."

Na ce iyali sun yi yawa, faci ba ya ciyar da su. Ya ce in tafi, amma in riƙe makullin rumfa ɗaya, ko wata rana zan so in dawo. Ban dawo ba. Makullin dai na riƙe. Da ma ya karɓe.

Babbar 'yata ita ce ta fari, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa a gaban mutane. Ni da ita sai gaisuwa da aike. Abin da ban iya ba ta ba, a wurin Kawu ta samu. Jika da kaka, kun san yadda suke. Ita tana ce masa Tsoho, shi yana ce mata Injiniya, tun ranar da ta kwance masa fitila tana 'yar shekara bakwai ta kasa mayarwa. In ta shigo rumfa sai ta ce, "Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?" Ya ce, "Ina jiran ki mayar mini da fitilata."

Shekara biyar da suka wuce, tana aji biyar na sakandare, bayan girbi, malamin kimiyya ya zo da maganar gasa. Makarantun yankin nan ne za su haɗu, na cikin gari da na wajen Bulkachuwa da sauransu. Kowace makaranta yara uku. Za su gina 'yar gada mai tsawon kamu biyu, da karan dawa da zare da ƙaro kawai. Ba ƙusa, ba ƙarfe, ba hannun babba. Ranar gasa a ɗora gadar tsakanin benci biyu, a rataya bokiti a tsakiyarta, a dinga zuba yashi gwangwani-gwangwani har ta karye. Wadda ta fi ɗauka ita ta ci, yaranta su tafi Bauchi su kara da na sauran wurare.

Ni tun farko ban yarda da abin ba. Na ce wa uwar yara, wannan wata hanya ce dai ta tara yaran talaka su yi wa na masu kuɗi tafi. Na ce wasan kara kuma, mu da muka yi motar kara muna yara, me ta tsinana mana? Amma da na ji an zaɓi 'yata cikin ukun, sai na kasa cin tuwo. Ban gaya wa kowa ba. Bauchi nake gani a idona. Ita a mota, da kayan makaranta.

Makarantarsu ba ta da ko wuƙa mai kaifi, sai 'yata ta ce kakanta yana da rumfa. Malam ya zo ya roƙi Kawu. Malam ya ce, "Baba, sharaɗi ɗaya ne, kada ku taɓa." Kawu ya ce, "Wannan mai sauƙi ne." Ya hau bencinsa, ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Haka ya dinga yi kullum bayan la'asar har sati uku. In hancinsa ya yi ƙaiƙayi sai ya goga a kafaɗa, yaran su yi ta dariya.

Nakan tsaya da babur a bakin rumfa kamar ina jiran fasinja. Abin da na gani bai kwantar mini da hankali ba. Gadarsu ta farko kamar tsani suka yi ta, suka kwantar. Gwangwani shida ta baje. Na zaci Kawu zai yi faɗa. Sai na ji ya ce, "Madalla! Ku zo ku ga inda ta karye. Kada ku taɓa, ku duba tukuna."

Suka tsuguna su uku. 'Yata ta ce, "Tsoho, ka faɗa mana mana, ai ka sani."

Ya ce, "Ni mai keke ne, ina ruwana da gada? Ga keke can a jingine. Ƙato ya hau shi, buhu biyu a baya, bai lanƙwashe ba. Je ki tambaye shi."

Ta je ta tsaya a kan keken nan ta fi minti goma. Ta bi ƙarafunan jikinsa da yatsa. Can sai ta juyo ta ce wa ƙawayenta, "Ku duba, duk mai kusurwa uku ne. Babu mai huɗu." Kawu ya kau da kai yana kallon titi, yana ɓoye murmushi a gemu.

Gada shida suka karya a gabana. Wata zaren ya zame, wata ƙaron bai bushe ba, wata karan ɗanye ne. Suka koyi zaɓen kara, su matsa shi su ji, su ɗaura a kan gaɓa ba a tsakiya ba. Kawu ya koya musu abu ɗaya da baki, shi ne su yi shiru lokacin zuba yashi. Ya ce kara yana kuka kafin ya karye, ƙas, ƙas, a hankali, wanda ya ji inda kukan ya fara ya san inda zai gyara. Su suna ganin ci gaba. Ni karyayyun kara kawai nake gani a tare a lungu. Ta bakwai suka gama ranar Alhamis, suka ce ba za su gwada ta ba, ita za su kai ranar Asabar.

A wannan Alhamis ɗin na ɗauki wani mai babbar riga daga tasha. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, masu ita da ƙarfi suke magana don a ji. Na ji yana cewa, "Ka gaya wa kafinta ya gama aikin yaron nan kafin Asabar." Iyakar abin da na ji ke nan. Ban san wane yaro ba, ban san wane aiki ba. Amma kafin in sauke shi na riga na gama shari'a a zuciyata.

Na zo rumfa bayan yaran sun tafi. Na ce, "Kawu, ka sa musu hannu."

Ya ce, "Gasar tawa ce?"

Na ce, "Kowa yana yi. Kafintoci ake ba wa."

"Ka gani?"

"Na ji."

Ya ce, "To kunnenka ya shiga gasar, mu ba mu shiga da shi ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi ya sa ya tsufa a rumfar kwano, duniya ta wuce shi yana sauraron tsinke. Na ce yarinyar nan za a kunyata ta a gaban mutane saboda taurin kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ne ba ka yarda da ita ba. Ni na ga hannunta."

Washegari Juma'a. Kawu tun ƙarfe sha biyu yake rufe rumfa ya tafi masallaci neman sahun gaba. Kafin Oga ya rufe nasa shagon na sayi tsinke dozin guda, sababbi, masu ƙyalli. Ban taɓa na gwangwanin Kawu ba, don ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar awakinsa. Da layin ya yi tsit na buɗe da makullina. Gadar tana kan benci an rufe ta da tsumma. Na yanke kan tsinkayen, na wasa bakinsu, na dinga tura su cikin totuwar dogayen karan ƙasa guda huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ina murzawa in na zo gaɓa. Na toshe bakin da totuwa, na shafa ƙaro. Aikin ya yi kyau, ai shi ya koya mini aiki. Ina cikin rufe ƙofa na ji an tayar da salla. A raka'a ta biyu na samu, a bakin titi, a kan kwali.

Ranar Asabar ban shiga zauren ba, ta taga na leƙa. Kawu yana bencin baya da farar rigarsa ta Idi. Aka yi ta karya gadoji ana ihu. Wata ta ɗauki gwangwani goma sha biyu, wata goma sha tara. Babu wadda ta yi kama da aikin kafinta, duk na yara ne, karkatattu, zare yana reto. Tun nan na gane kunnena ya yaudare ni. Wasu samari daga wata makarantar ƙauye tasu ta ɗauki ashirin da shida, aka yi ta tafi.

Aka zo kan tamu. 'Yata ce ke zubawa. Goma. Ashirin. Ashirin da bakwai, zauren ya ɗauki sowa. Talatin. Ƙawayenta suna tsalle. Ita kuwa na ga ta rage sauri, ta karkata kunne. Na dubi Kawu. Ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai irin yadda yake yi a kan ƙafar keke. Gadar ba ta yi kuka ba. Bokiti ya cika a arba'in, ta ɗan sunkuya kawai, ba ƙas ba ƙis.

Cikin alƙalan akwai wata malama mai tabarau daga kwaleji. Ta ce a sauke bokitin. Ta ɗaga gadar ta jijjiga ta a hannu. Ta karɓi reza ta tsaga kara ɗaya. Tsinke ya faɗo a siminti, ƙararsa har inda nake.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Samari suna ihun "ɓarayi." Shugabar makarantar su 'yata ta miƙe ta ce sun zubar mata da mutunci, daga ranar Litinin kada ta ga ƙafar ko ɗaya daga cikinsu a makaranta. Saura shekara ɗaya su yi jarrabawar fita. Yaran biyu suna kuka suna rantsuwa. Tawa ba ta yi kuka ba. Tsinken take kallo.

Sai Kawu ya miƙe. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri in yi magana. A rumfata aka yi gadar nan. Yaran nan, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba su san da ƙarfe a ciki ba. Abin da ya fito daga rumfata kuwa, ni ke da alhakinsa. A bar su su yi karatu."

Ku lura, bai ce shi ya sa ba. Kawu bai yi ƙarya ba ko a ranar. Amma mai gyaran keke, tsinken keke, rumfarsa, wa zai tsaya dogon tunani? Malamin kimiyya ya ce, "Baba, ku da kuka zauna a kan hannunku?" Wani daga baya ya ce, "Da rana ke nan!" Aka fashe da dariya. A nan aka raɗa masa Mai Gadar Ƙarfe. Ni ina bakin taga. Taku biyar ne tsakanina da ƙofa. Na hau babur na tafi neman fasinja.

Aka bar yaran suka ci gaba da karatu. Malam ya sha faɗa, bai sake kawo ɗalibi rumfar ba, sauran makarantu ma da suka fara sha'awar turo nasu suka fasa. Kawu ya ci gaba da zuwa masallaci, mutane suna gaishe shi da murmushin da ban so.

Bayan kwana biyu na tsaya a rumfa, don rashin zuwan ma zai zama magana. Yana ɗaure ƙafar keke. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini wani ƙunshi. Tsinkayen ne, goma sha biyu, ya roƙo su daga makaranta, ya goge ƙaron, ya ɗaure da zare.

Ya ce, "Sababbi ne. Kada a yi asara."

Na karɓa. Ya koma kan aikinsa. Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya.

Amma ba dariyar gari ce ta ci shi ba. 'Yata ce. Daga ranar ba ta sake taka rumfar ba. Ba ta sake ce masa Tsoho ba. In an aike ta gidansa sai ta durƙusa daga nesa ta ce, "Kun wuni lafiya?" ta ajiye kwano ta tashi. Ranar wata Salla ya ce mata, "Injiniya, ina fitilata?" Ta ce, "Allah ya ba da haƙuri," ta fita. Ina wurin. Na ga yadda ya bi ta da kallo, sannan ya dube ni, sannan ya dubi tabarma. Shekara biyar haka. Kullum ina cewa gobe. Kullum ina cewa in ta gama jarrabawa, in ta shiga kwaleji, in hankalinta ya kwanta. Gaskiyar ita ce na fi son ta tsani Kawu da ta tsane ni.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, wata safiya muna mu biyu, na ce, "Kawu, maganar gadar nan." Ya ɗaga hannu da ƙyar. Ya ce, "Ni na sani tun kafin bokiti ya cika. Ba ni za ka gaya wa ba." Bayan kwana huɗu ya cika. 'Yata ta zo gidan makoki, ta yi wanke-wanke, ta yi hidima, idonta a bushe.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, mutane suna neman takalma, na miƙe na ce a dakata. Liman yana nan, malamin kimiyya yana nan, Oga yana nan, masinjan nan ma yana nan. Mata suna jin mu daga soro. Na ciro ƙunshin tsinkayen daga aljihu na ajiye a tabarma. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba, har da raka'ar da na rasa.

Oga ya gyaɗa kai ya ce, "Dozin guda, ranar Juma'a." Malamin kimiyya ya zauna a inda yake tsaye. Ya ce, "Na yafe wa mutumin da bai yi mini komai ba. Shekara biyar ina wuce rumfarsa ina kau da kai." Ya dube ni ya ce, "Kai kuma ban san abin da zan ce maka ba." Na ce ba sai ya ce komai ba. Daga cikin soro na ji wani kuka ya tashi, irin wanda ya kamata a yi tun ranar Talata. Na gane muryar.

Sati huɗu ba ta dube ni ba. Abinci ƙannenta ke kawo mini. Ban yi ƙorafi ba. Tana shekarar ƙarshe a kwaleji, koyarwa take karanta, ta fita da safe ta dawo da yamma ta shige ɗaki.

Ana saura kwana kaɗan arba'in, an fara yankan dawa, uwar yara ta ce mini, "Ta ce ka ba ta makullin rumfa." Na bayar. Kwana uku tana zuwa bayan la'asar da damin kara. Rana ta huɗu aka aiko in zo. Na tarar da malam da Oga a tsaye, benci biyu, bokiti, tarin yashi, da gada irin waccan sak, duk mai kusurwa uku.

Ta nuna mini bencin Kawu ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Baba, ku zauna a nan. Ku sa hannunku a ƙarƙashi."

Na zauna a kan hannuna, ni da furfurata.

Ta fara zubawa, malam yana ƙirgawa. Ba mai tari. A ashirin da biyu na ji shi, ƙas, daga gefen hagu, ƙarami kamar an taka busasshen ganye. Ta tsaya ta saurara, ta ci gaba. Ashirin da shida, inda samarin nan suka tsaya. Ashirin da bakwai. Kukan ya yi yawa, gadar tana sunkuyawa, tana nan dai. A talatin da ɗaya ta tsage, bokiti ya faɗi, yashi ya watsu har ƙafata.

Malam ya ce karan bana ba na waccan shekara ba ne, ba a iya rantsuwa cewa waccan gadar ma da ta ɗauki haka. Gaskiyarsa. Amma ni, Allah ya shirye ni, hali zanen dutse. Ban san lokacin da na zare hannuna ba. Na ɗauki karan ƙasa na tsaga da farce, na tsaga na biyu, har huɗu, ina neman ƙarfe. Totuwa ce fara, ba komai.

Da na ɗago tana kallona, karo na farko. Ta ce, "Kun gama dubawa?"

Na ce na gama.

Ta tsuguna a kan karyayyar gadar, ta bi ta da yatsa har gaɓar hagu. Ta ce, "Nan ne. Da Tsoho yana nan da ya ce madalla." Sai ta rufe fuska da hijabinta.

Ta riƙe makullin. Ta ce in ta fara koyarwa a nan za ta dinga kawo ɗalibanta. Ban tambaye ta ko ta yafe mini ba, ban ga ina da bakin tambaya ba tukuna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da mu muka kasa. Ku kuma mutanen Azare, wanda ya san ya taɓa yi masa dariya ya nema masa gafara, ya nema wa kansa. Sunan nan na Mai Gadar Ƙarfe kuwa, in har sai an kira wani da shi, kuna ganina kullum a bakin tasha a kan babur. Ku kira, zan waiwayo.